Abin da Likitan Haƙori Ya Faɗa wa Kwalar Rigar Baba

Ku matso kusa, 'yan uwa, don maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, kuma sana'ata haɗa fim ɗin gaskiya, wato irin fim ɗin da babu ɗan wasa a ciki, babu wanda aka rubuta wa abin da zai faɗa. Mutum kike bi da kyamara yana harkarsa har ya manta kina wurin. Mama dai har gobe ba ta yarda wannan aiki ne ba. In ƙawayenta suka tambayi abin da nake yi, cewa take ina nan ina yawo da wayoyi a wuya kamar mai gyaran wuta.

Fim ɗin da nake kai yanzu a kan Baba ne. Tun kafin a haife ni yake gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago mai ƙamshin man keke, kuma yanzu hannunsa ya fara rawa, allura tana yi masa gardama, ya ce zai rufe. Na ce kafin a sa kwaɗo sai na ɗauke shi tas, shi da kekunansa da telolin da ke zuwa su sauke masa gulmar gari.

Irin fim ɗinmu ba daga aljihun mai kallo yake samun rai ba. Akwai wani asusu da ke tallafa wa masu irin aikina, amma ba a dunƙule suke ba ki ba. Za su ba ki kuɗin ɗauka, ki je ki ɗauko, ki haɗa ɗanyen fim ki nuna wa kwamitinsu. In ya burge su su ba ki na ƙarasawa. Daga nan ki kai wa hukumar tace fina-finai ta duba ta buga hatimi, sannan gidan talabijin da ɗakunan kallo su yarda su saurare ki. Ni a tsakiyar hanyar na maƙale. Shugabar kwamitin, wadda muke ce wa Madam, ta kalli ɗanyen fim ɗina ta ce hoto ya yi kyau, hannayen Baba sun yi kyau, amma fim ɗin ba shi da zuciya. Watanni na yi ina shaƙar man keke, aka ce min ba zuciya. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, amma na yi mata godiya har da ɗan rusunawa, don ita ke riƙe da wuƙa da nama.

To, a ajiye Madam a gefe, a ɗauko Likita.

Likita likitan haƙori ne. Haƙorin Baba ya haɗa mu, na raka shi cirewa, daga ranar kuma Likita ya zama mai zuwa shago duba lafiyar dasashin da ya daɗe da warkewa. Dogo ne, rigarsa kullum a goge kamar yanzu aka ciro ta daga leda, agogonsa baƙi, takalminsa ba ya ƙara. Shi kansa ba ya ƙara. Mutumin da ke wuni yana ce wa jama'a su buɗe baki, nasa a rufe yake ruf. Zai zauna a kan bencin shago ya riƙe min jakar kyamara, in na juyo ya kawar da kai, in zai tafi ya ce, "Darakta, a riƙa rage zaƙi." Da safe kuma saƙo ya shigo: "Barka da asuba, Darakta. Da fatan an yi buroshi."

Ku yi dariya, na yafe muku. Amma ni wannan saƙon nake jira kafin in sauko daga gado. Ina son shi, kuma a lokacin ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai kawai ya ɗauke ƙafa. Ba faɗa, ba komai. Saƙon safe ya koma "Barka" tsurarsa, daga baya ya koma hoton ɗan yatsa idan ni na fara gaishe shi. Na yi fushi, na huce, na sake yin fushi, na canza sunansa a wayata daga Likita zuwa Kurma, washegari na mayar. Baba kuwa in na ambaci sunansa sai ya sunkuyar da kai cikin keke yana neman wani sukurun da bai ɓata ba.

Mama ta samu abin da take so. Dama ta daɗe tana cewa ita ba ta gane wa saurayin da sai an sa masa batir ba. Ta tasa ni gaba da zancen ɗan ƙawarta, wani mai sayar da tayil da muke kira Turare, saboda ƙamshinsa yana riga shi shigowa falo ya kuma kwana bayan ya tafi. Ba wai dole ta yi min ba, a'a, Mama ba ta dole. Ita dai za ta shigo ɗakina da kwandon wanki, ta zauna a bakin gado tana ninke kaya, tana ba wa labule labarin yadda 'yar wance ƙanwar bayana ta haihu na biyu. Ta ce ta ba Likitan nan har ƙarshen wata, in bai buɗe baki ba za ta ce wa Turare ya zo mu gaisa da kyau.

Ana cikin haka ƙawata mai haɗa min hoto ta kira ni. Almakashi muke ce mata, don ba ta da tausayi wajen yanke abin da kika sha wuya kika ɗauko. Ta ce in bar duk abin da nake yi in zo ofis. Na same ta ta ɗora ƙafa a kan kujera, ta tura ɗankwali baya, ga kofin shayi ya huce a gabanta, tana yi min wani murmushi da ban yarda da shi ba.

Sai na ɗan yi muku bayani kafin ku gane. In muna ɗauka, akwai ƙaramin makirufo kamar ƙwayar wake da nake maƙala wa Baba a kwalar riga. Shi yake aiko da sauti ta iska zuwa wata 'yar na'ura da ke jakata, ni kuma ina ji ta hedifon. Kuma a ƙa'idar aikinmu, akwai lokacin da muke kashe kyamara mu bar na'urar tana ta ɗauka, don mu samu sautin wuri kawai: ƙarar keke, tarin Baba, wucewar mota. Irin wannan sautin ba mai zama ya saurare shi. Suna ake sa masa a jefa cikin kwamfuta, sai ranar da aka buƙaci ɗan cike gurbi a tuna da shi. Almakashi ƙarar keke ta shiga nema ta yi tuntuɓe da abin da ya fi ƙarfinta.

Ta kifa min hedifon a kai ta danna.

Na ji keke yana tafiya, ya tsaya. Na ji sallama, na ji benci ya yi ƙara. Aka yi shiru mai tsawo har na ɗauka abin ya lalace. Sai muryar Likita, kusa-kusa, kamar a kafaɗata yake.

"Baba, ni ban iya magana ba, kun sani. Duk abin da na shirya tun daga gida, da na gan ta sai ya gudu, in ɓuge da tambayarta buroshi. Ina son ta. Ina son yadda take tsayawa ta saurari mutum har ya kai ƙarshe, ko da abin da yake faɗa ba shi da kai. In ta yarda, zan turo manyana. In kuma ba ta yarda ba, kada ta wahalar da kanta da neman yadda za ta faɗa min. Shirunta ya ishe ni amsa."

Baba ya yi gyaran murya ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, keke ya ci gaba da tafiya.

Jama'a, na cire hedifon na ajiye. Na tuna ranar sarai. Madam ce ta kira ni a waya, na cire hedifon na rataya a ƙofa, na tsallaka titi inda ba hayaniya na tsaya ina ta "to, Madam, na gode, Madam". Da na dawo na tarar da Likita a tsaye yana kallon fuskata kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, ni kuwa na ce masa ya ɗan matsa yana tare min haske. Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Almakashi ba ta bar ni na gama jimami ba. Ta ce in kalli abin da ta yi. Ta ɗora maganar a kan hoton hannayen Baba suna fama da zare da allura, yana kuskurewa yana sakewa, har daidai inda Likita ya ce "ina son ta" zaren ya shige. Ni da na san abin, sai da na share ido. Ta ce wannan ita ce zuciyar da Madam ke nema: tsoho yana rufe shago, ga wani ya zo neman abu mafi tsada da ke cikinsa. Na ce ba zai yiwu ba, sirrin mutum ne. Ta ce kwamiti kawai za a nuna wa, mutum nawa ne. Na ce a'a sau biyu, a na uku na ce ta tura kafin in canza ra'ayi. Kada ku kalle ni haka, kun san yadda son aiki yake.

Kwana kaɗan saƙon Madam ya shigo, har da hoton furanni. Ta ce kwamiti ya amince da na ƙarasawa, akwai gidan talabijin da ya nuna sha'awa, kuma za su zagaya da fim ɗin ɗakunan kallo na makarantun koyon sana'a. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: hukumar tace fina-finai ba ta buga hatimi sai duk wanda fuskarsa ko muryarsa ta fito ya sa hannu cewa ya yarda, don haka in kawo na Baba da na "wannan saurayin mai daɗin murya".

Na Baba ba wuya, ya sa hannu bai ko karanta ba. Na saurayin ne aikin. Sai in je in tsaya gaban mutumin da ya ɓoye maganarsa a gaban mahaifina, in ce masa na ji, ƙawata ta ji, kwamiti ya ji, yanzu kuma ina so duniya ta ji. In ya ce a'a, fim ya tafi. Amma ba fim ɗin ne ya hana ni cin abinci ba. Tsorona kada ya dube ni ya ga mai satar magana, in rasa shi gaba ɗaya tun ban same shi ba.

Sai da na canza riga sau uku. Ta farko ta yi kama da ta mai zuwa biki, ta biyu ta mai zuwa ta'aziyya. Na tsaya a kan doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na yafa farin mayafi, na ɗauki jakar aiki don ta ba ni ƙarfin hali. Mama ta bi ni da kallo daga kicin ta tambayi inda za ni. Na ce asibiti. Ta ce Allah ya sawwaƙe, da wata murya da ke nuna ta san ciwon.

A asibitin ba a ganinsa sai da kati, don haka na yanki kati na zauna a layi tsakanin wata tsohuwa mai kumburarren kumatu da wani mutum da ke ta karanta addu'a. Da aka kira ni na shiga, ya ɗago, ya tsaya da safar hannu ɗaya a sanye ɗaya a rataye. Ya rame, ko kuma farar rigar ce ta yi masa yawa.

"Darakta. Wane haƙorin ne yake ciwo?"

"Ban sani ba, sai an duba."

Ya nuna min kujerar nan mai kwanciya, na hau. Ya kunna fitila a fuskata ya ce in buɗe baki. Kun ji ikon Allah, na zo da magana cike da ciki, ga ni baki a wangame ba halin furta ko ɗaya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce haƙorana lafiya lau, sai dai ina cije su in ina barci, alamar akwai abin da ke damuna. Na tashi zaune, na ciro hedifon daga jaka na miƙa masa, na ce ya saurara kafin ya kore ni.

Ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan tiren ƙarfen da ke gabansa. Na fara zuba kamar famfo. Na ce wallahi ba da gangan aka ɗauka ba, na'urar ce a kunne, na san bai san da makirufo a jikin Baba ba, kuma na san na yi laifi da na bari kwamiti ya ji. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ajiye hedifon a hankali.

"Na san da shi," ya ce. "Baba ne ya nuna min kwalarsa, ya nuna kunnensa, ya nuna waje. Na ɗauka kina ji."

Na ce ina ji kamar yaya.

"Kullum ina ganin abin nan a kanki. Kin taɓa sa min shi, na ji numfashin Baba daga tsallaken titi. Na ce tunda na kasa faɗa a gabanki, bari in faɗa inda za ki ji ba tare da kin kalle ni ba. Da kika dawo kika ce in matsa ina tare miki haske, sai na matsa."

'Yan uwa, ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, ga hawaye yana bin ta a baya. Ashe ba satar magana na yi ba, tawa ce tun farko, aika min aka yi ta kwalar riga ta kwanta a kwamfuta da sunan ƙarar keke. Shi yana can yana jinyar amsar da ban bayar ba, Baba yana can yana jin kunyar ɗiyarsa ta ƙi mutum ba ko sannu, ni kuma ina nan ina canza masa suna a waya. Na gaya masa a ranar na karɓi kira ne, kuma sai makon jiya na ji. Ya zauna a kan 'yar kujerarsa mai taya ya dafe kai.

Da na ga ya ɗan dawo hayyacinsa na ciro takardar hukuma na ajiye kusa da shi. Ya karanta ta tsaf, ba irin Baba ba. Ya ce shi ba ya jin kunyar abin da ya faɗa, duniya ta ji in tana so. Amma ba zai sa hannu a nuna tambaya a talabijin ba alhali shi mai tambayar bai ji amsa ba. Na buɗe baki zan yi magana, abin mamaki, ni mai surutun gidanmu, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ya lura. Ya ce ba komai, shi ya san wannan ciwon, kuma ya san maganinsa. Ya tambaya ko ƙaramin makirufon yana cikin jakata.

Da ya tashi aiki da la'asar ya kawo ni gida a motarsa. A ƙofar gida ya karɓi na'urar da hedifon, ya sa a kansa ya yi wani iri kamar matuƙin jirgi, ni kuma na maƙala makirufon a wuyan rigata na rufe da mayafi. Ya ce in shiga ɗakina in rufe ƙofa in faɗi duk abin da ke raina, ko e ko a'a, yana nan yana ji. Wannan karon, in ji shi, ba zai cire ba ko wa ya kira.

Na lallaɓa ta falo na shige ɗaki. Na zauna a gaban madubi, na gyara murya, na ce "gwaji, gwaji" saboda sabo. Ban kai ga kalma ta gaba ba ƙofa ta buɗe, Mama ta shigo da kwandon wanki.

Sai kun san Mama da na'ura ba sa ga maciji. Tun farkon aikin ta kafa doka cewa duk ranar da na ɗauki muryarta ko inuwarta, ni da kyamarar za mu kwana a waje. Na yi ƙoƙarin kai hannu in kashe, ta miƙo min gefen zanen gado ta ce in kama mu ninke. Hannuna biyu suka shiga aiki.

Ta fara. Ta ce ta hango motar Kurman a waje, wai me yake yi a ciki da abu a kunne, ko waƙa yake ji don ya koyi yadda ake buɗe baki. Ta ce ita ba ta ƙi shi ba, yana da tsafta, yana da ladabi, ya cire wa Baba haƙori ba a ji kukansa ba, amma mutum sai ka ce hoton bango. Ta ce in aka yi auren nan jikokinta da hannu za su riƙa gaishe ta. Ina ta yi mata ido, ina girgiza kai, ta ce in daina mata wannan fuskar kamar wadda ta haɗiyi ƙashi. Ta ce Turare ya sake aikowa, kuma ita ta gaji da yi wa ƙawarta hanya-hanya.

Sai ta saki zanen ta zauna a bakin gado. Muryarta ta sauka, irin saukar da ba ta cika yi ba.

"Auta, bar ganin ina tsokana. Ni ba na so in ga kin zauna jiran wanda ba zai zo ba. Ki faɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Kina son shi, ko in sallame shi?"

Na ji ɗan ƙarfen nan ya yi sanyi a kan fatata. Na tuna mutumin da ya ce shiru ya ishe shi amsa, na ce a raina yau kam ba zai samu shiru ba.

"Ina son shi, Mama. Tun ranar haƙorin Baba. Ko bai ƙara cewa komai ba har mu tsufa, shi nake so."

A waje hon ɗin mota ya ɗauka, dogo, ba tsayawa, irin na wanda ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya manta da duniya. Likitan da ko takalminsa ba ya ƙara, yau ya tashi layinmu gaba ɗaya. Mama ta kalli taga. Ta kalle ni. Ta sake kallon taga, sannan idonta ya sauko a hankali zuwa inda mayafina ya zame.

Ta sa yatsa biyu ta kamo siririyar baƙar wayar, ta ja ta har ƙwayar waken ta fito tana lilo a tsakaninmu.

"Auta," ta ce, cikin wata irin natsuwa da ta fi faɗa ban tsoro, "tun daga ina ya fara ji?"